Blaenavon: Garin da Kwal Ya Ƙare, Tarihi Ya Zama Sana'a

Ina ne Blaenavon, kuma me ya sa ake maganarsa?

Ƙaramin gari ne a kudu maso gabashin Wales, cikin Birtaniya, a kan tudu inda kogin Lwyd ya faro. Allah ya haɗa masa tama da kwal da dutsen farar ƙasa wuri guda, wato duk abin da ake buƙata don narka ƙarfe. Shi ya sa aka kafa masana'antar ƙarfe a nan, ta fara aiki a 1789, mutane suka yi ta tururuwa neman abinci. Yau mazaunansa ba su wuce dubu shida da 'yan kai ba, amma a shekarar 2000 hukumar UNESCO ta saka garin da tsaunukan da ke kewaye da shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Wane wuri baƙo zai fara zuwa?

Big Pit, ba tantama. Mahaƙar kwal ce da ta yi aiki har 1980, aka sake buɗe ta a 1983 a matsayin gidan tarihi. Ba kallon hotuna a bango za ka yi ba. Hular kwano za a ɗora maka, a liƙa fitila a goshinta, a ɗaura maka batirinta a ƙugu, sannan ka shiga kejin ƙarfe a zura ka ƙasa mita 90.

Kafin nan sai ka miƙa wayarka da agogonka da ashana da duk wani abu mai batir, domin har yanzu dokar mahaƙa ce ke aiki a wurin, kuma ɗan tartsatsi ya isa ya tayar da gobara idan akwai gas. A can ƙasa, mai yi muku jagora yakan ce kowa ya kashe fitilarsa. Duhun da ke biyo baya ba irin na ɗauke wutar lantarki ba ne, ko tafin hannunka ba ka gani. A cikin irinsa yara ƙanana suka riƙa zama tsawon yini suna buɗe ƙofofin iska suna rufewa, kafin dokar 1842 ta hana mata da yaran da ba su kai shekara 10 ba aiki a ƙarƙashin ƙasa.

Akwai kuma turakun dawakan da ke jan kurar kwal, da sunayensu a rubuce. A sama kuwa, ɗakunan wanka da aka gina a 1939 suna nan. Ka raina su? Kafin su, mutum gida yake komawa baƙi ƙirin, matarsa ta dafa ruwa, ta yi wanki, gobe ma haka. Matan garin ne suka fi sanin darajar wannan gini.

Masana'antar ƙarfen fa, me ya rage?

Ragowar manyan tanderu, da hasumiyar 1839 da ke ɗaga kaya sama da nauyin ruwa, da ƴan gidajen ma'aikata na Stack Square. A nan Blaenavon ne Sidney Gilchrist Thomas da ɗan'uwansa Percy Gilchrist suka yi gwaje-gwajen da suka kai su ga dabarar raba ƙarfe da fosfarus, sinadarin da ke sa shi saurin karyewa, aka bayyana ta a 1878. Abin takaici, ƙasashe irin su Jamus, masu tarin tama mai fosfarus, su suka fi cin moriyarta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A cikin gari akwai abin gani?

Akwai cocin St Peter, inda har murafen wasu kaburbura na ƙarfe ne, da makarantar da Sarah Hopkins, 'yar'uwar ɗaya daga cikin masu kamfanin ƙarfen, ta gina wa 'ya'yan ma'aikata a 1816, wadda yanzu ta zama cibiyar karɓar baƙi. Amma ni a wurina ginin da ya fi su duka shi ne zauren ma'aikata, wanda aka buɗe a 1895. Coci da makaranta masu kamfani suka gina. Zauren nan kuwa leburori ne suka yi karo-karo, ana cire sisin kwabo daga ladan kowa duk mako, har suka samu ɗakin karatu da dandalin wasanni nasu na kansu, wanda ba sai sun roƙi kowa izinin shiga ba.

Waɗannan baƙaƙen tuddai ma tarihi ne?

Tarkacen da aka tono daga rami ne aka jibge shekara da shekaru. A Blaenavon an bar su cikin abin da ake karewa, ciyawa ta rufe wasu. Sai dai mutanen Wales ba sa kallonsu da ido ɗaya. Ranar 21 ga Oktoba, 1966, irin wannan tudu ya zabtaro kan makarantar firamare a ƙauyen Aberfan, ba nisa sosai daga nan, ya kashe mutum 144, 116 daga cikinsu yara.

Yawon buɗe ido ya maye gurbin kwal?

Bai maye ba. Ramin da ya taɓa ɗaukar ma'aikata fiye da dubu ba zai koma haka da sayar da shayi da tsarabar baƙi ba. Wata damuwar ita ce masu jagora. Tun buɗe gidan tarihin, tsofaffin mahaƙa ne ke zagayawa da mutane, suna ba da labarin abin da suka gani da idonsu, da barkwancinsu. Yanzu tsufa ya cim musu, kuma babbar mahaƙa mai zurfi ta ƙarshe a kudancin Wales, Tower, ta rufe tun 2008. Dole ta sa gidan tarihin ya fara ɗaukar matasa yana koya musu aikin rami a hannun dattawan, alhali su ba su taɓa haƙo kwal don sayarwa ba.