Ƙananan halittu masu ɓawo biyu a ƙasan teku: tambayoyi da amsoshi

Wace irin halitta ce wannan?

Dangin dodon koɗi ce, sai dai ita ɓawonta biyu ne, haɗe da 'yar gaɓa, tana buɗewa tana rufewa. Cikin waɗanda ake ganowa a zurfin teku akwai waɗanda ba su kai milimita 2 ba.

In masu bincike suka ce sun gano "sabuwa" a cikinsu, yanzu ta bayyana ke nan?

A'a, ta daɗe a can, mu ne ba mu san da ita ba. Masu bincike kan kwaso laka daga ƙasan teku, su tace ta da rariya, su tsinci ɓawon ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Sai a duba siffarsa da haƙoran gaɓar, a gwada ƙwayoyin gado, a kwatanta da na gidajen adana samfura. In ba ta dace da kowa ba, a raɗa mata suna da Latin. Aikin na iya cin shekaru.

Me take ci a wurin da rana ba ta kaiwa?

Nan ne abin ya fi burge ni. A zurfin mita 4,000 duhu ne ƙirin, ruwa ya kusa daskarewa, nauyinsa ya ninka na iskar da ke kanmu kusan sau 400. Wasu na tsotsar ruɓaɓɓen abin da ke gangarowa daga sama. Wasu mafarauta ne, sukan zuƙe ƙananan halittun da suka gifta. Akwai masu huda itacen da ya nutse. Akwai kuma masu ajiye bakteriya a jikinsu, su kuwa su haɗa musu abinci daga sinadaran da ke fitowa daga ƙasa, irin manyan 'yan uwansu da aka gani a maɓuɓɓugan ruwan zafi kusa da tsibiran Galapagos a 1977.

Tana daɗewa a raye?

Wasu kam sosai. A 1975 an ƙiyasta cewa wata mai suna Tindaria callistiformis kan shafe kusan shekara 100 kafin ta kai milimita 8.

To me ya sa ake gaggawar gano su?

Saboda ma'adinai. Tsakanin Hawai da Meziko akwai yankin Clarion-Clipperton, inda dunƙulen manganis, nikel da kobalt ke zube, kamfanoni kuma na son kwashewa. Wani nazari na 2023 ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na nau'o'in dabbobin da aka samu a yankin ba su da suna tukuna. Abin da ke damuna shi ne injin kwasar ma'adinan zai yashe lakar da suke kwance a ciki, ga shi girmansu na tafiyar hawainiya ne.