Kafin ka sayi oba-oba a Saudiyya, ga abin da doka ta ce

Duk mutumin Jidda da ya ga ambaliyar 25 ga Nuwamba 2009, wadda ta ci rayuka sama da 100 ta kuma yi wa unguwar Kuwaiza kaca-kaca, ya san yadda hankali ke tashi idan kana neman iyalinka waya ta ƙi shiga. Shi ya sa ba na ganin laifin magidancin da ya ce zai ajiye oba-oba biyu ko uku a gida, wato abin da Larabawan nan ke kira lasilki. Ita ba ta neman layi ko kati, daga hannunka take magana da ɗan'uwanka kai tsaye.

Sai dai a ƙasar nan akwatin ne naka, zangon da muryarka ke bi na hukuma ne. Hukumar Sadarwa da Sararin Samaniya da Fasaha, wato CST, wadda aka sani da CITC kafin 2022, ita ke raba zanguna. Dokar sadarwa ta 2022, da ta maye gurbin ta 2001, ta hana amfani da zango ba da izini ba, ta kuma hana shigowa ko aiki da na'urar da hukumar ba ta amince da ita ba. Tarar da ke cikin dokar tana iya kaiwa riyal miliyan 25. Wannan ita ce iyakar sama ta manyan laifuffuka, ba ita za a ɗora wa mai oba-oba ɗaya ba, amma ana iya ƙwace na'urar a kuma ci ka tara. Baƙon da ke zaune da iƙama, wato takardar izinin zama, kuwa ya san ko ƙaramar magana da hukuma ba ƙarama ba ce a wurinsa.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa shi ne wajen sayen mai arha da ƙarfi, irin Baofeng UV-5R. Ƙarfinta wajen wat 5 ne, kuma tana iya magana daga megahaz 136 zuwa 174, da 400 zuwa 520. A cikin wannan fili akwai 156.8, tasha ta 16 da jiragen ruwa a duk duniya ke kiran agaji da ita. Ka duba Jidda, gari mai tashar jiragen ruwa: yaro ya ɗauki na'urar yana wasa, ya danne muryar wanda ke nutsewa a Bahar Maliya. Wannan kaɗai ya ishe ni hujjar goyon bayan dokar.

Kada kuma rubutun "ba ta buƙatar lasisi" a jikin kwali ya ruɗe ka. Na Amurka suna aiki a megahaz 462 da 467, na Turai a megahaz 446 da ƙarfin rabin wat, kuma kowanne sassaucin ƙasarsa ne. Abin da ke aiki a nan shi ne amincewar CST, don haka ka ce wa mai kanti ya nuna maka takardarta a kan wannan samfurin. In ya fara kame-kame, kama gabanka. Shugabannin ayarin alhazai da ke sako oba-oba a jaka daga Kano ko Yamai su ma su lura, domin tana cikin kayan da kwastan ke iya riƙewa sai an kawo izini.

Mai son ƙarfi da nisa yana da hanya: hukumar tana ba da lasisi ga masu fita sahara, da masu jiragen ruwa, da masu sha'awar rediyo, waɗanda su sai sun ci jarrabawa.

Nisan kilomita barkatai da ake bugawa a kwali lissafin fili ne fetal. Tsakanin benaye da duwatsun Makka, ƙaramar oba-oba da ƙyar take wuce kilomita ɗaya ko biyu, wato ta tsakanin gida da shago ce ko maƙwabta. Ku tsayar da tasha ɗaya da kowa ya sani, ku gwada ta tun lafiya lau, ku ajiye batir na biyu. Kuma ba ta kiran lambar gaggawa ta 911, ko 998 na 'yan kwana-kwana, ko 997 na motar asibiti, don haka wayar salula ma a bar ta da caji.