Ciwon gwiwar yaro ba kullum daga gwiwa yake ba

An daɗe ana cewa yaro mai ɗingishi da kukan gwiwa ciwon girma ne, zai wuce. Amma wani lokaci matsalar tana ƙugu. Tsakanin shekara 10 zuwa 16, musamman ga masu ƙiba, kan ƙashin cinya na iya zamewa daga inda yake girma, kuma jijiyar da ke ratsa ƙugu har gwiwa takan sa a ji zafin a ƙasa. Sai a yi ta shafa wa gwiwa magani alhali lafiyarta lau. Abin yana damuna. Hoton ƙugu na asibiti ke nuna zamewar, sai likitan ƙashi ya kafe kan ƙashin da ƙusa guda. In aka makara, jini na iya daina isa kan ƙashin, ya mutu.