Kufan Wad Ban Naga: ga amsoshin, a daina kira na da tsakar dare

Na yi shekaru ina koyar da tarihi a Shandi ta ƙasar Sudan, kuma duk ɗan'uwan da ya zo daga Gadarif ko Mai Wurno ya ji labarin kufan nan, tambayoyi iri ɗaya yake jero mini. Na tara su wuri guda.

Ina ne Wad Ban Naga?

Gabashin kogin Nilu, kudu da Shandi, kimanin kilomita 130 arewa da Khartum. Kada ka haɗa shi da Naga. Ita Naga tana can cikin daji, nesa da ruwa.

Fir'auna ne ya gina?

A'a. Sarakunan Kush ne, masu gadon sarauta a Marawi ta Bajarawiya, shekara dubu biyu da suka wuce. Mutanen ƙauye na cewa aikin Anaj ne, wato mutanen dā na cikin labaran gargajiya, kamar yadda suke faɗa a kan kowane tsohon gini.

Akwai zinariya a ciki?

Tambayar da ke ɓata mini rai ke nan, kuma ita kowa ke fara yi. Wannan kwaɗayin ne ya sa wani Ba'italiye, Ferlini, ya rushe dalar kabarin Kandaka (wato Sarauniya) Amanishaketo a Bajarawiya a 1834, ya kwashe kayan adonta. Yau suna Balin da Munik. A 2020 masu neman zinariya suka shiga kufan Jabal Maraga da motocin haƙa, suka mayar da wurin rami. Idan na'urar neman zinariya ce a jakarka, ɗan'uwa, kada ka biyo ta gidana.

To me ya rage a gani?

Fada, da farko. Murabba'i ce, kowane gefe wajen mita 61, ana danganta ta ga ita Amanishaketo. Benen ya zube, ƙasan ne ya saura: dogayen ɗakunan ajiya a jere, inda masu tono suka samu hauren giwa lokacin aikin Sabit Hasan Sabit da Bafaranshe Vercoutter, daga 1958 zuwa 1960. Akwai wani gini zagayayye mai kaurin bango wanda masana suka rabu a kansa, wasu su ce rumbu, wasu su ce wurin bauta. Sai ragowar haikalai.

Amma kada ka zo da tsammanin ganuwar Kano. Ranar da na kai ɗalibaina, tsingaro ke ƙara a ƙarƙashin takalmanmu duk inda muka taka, awaki na kwance a inuwar bangon fada, leda ta maƙale a ƙaya. Wata yarinya ta ɗaga guntun jan tubali, farar shafe na manne a jikinsa har yanzu, ta ce, "Malam, wannan fentin na Kandaka ne?" Na ce nata ne, mayar da shi inda kika ɗauka.

Wa ya lalata wurin?

Hannu da yawa. A 1844 Bajamushe Lepsius ya ɗauke wani dutse mai sunan Sarki Natakamani da Kandaka Amanitore zuwa Balin. An rubuta sunayen da rubutun Masar da kuma na Marawi, shi ya taimaka wa wani masani ɗan Birtaniya, Griffith, ya gano yadda ake furta haruffan Marawi 23, ko da yake har yau ba a gama fahimtar harshen ba. Turawan Ingila kuma suka ratsa layin dogo ta cikin kufan, wajen 1900. Ruwan damina ya ci nasa. A 2011 UNESCO ta sa Bajarawiya da Naga da Musawwarat cikin kayan gadon duniya, hankali ya ƙara komawa can. 'Yan ƙasar Cek ne suka dawo da tono a nan daga 2009.

Na tsinci tsohon abu a gona. Yaya zan yi da shi?

Wannan tana son zama. Dokar kayan tarihi ta 1999 ta ce abin na ƙasa ne, wanda ya tsinta ya sanar, sayarwa kuma laifi ne. A zaman lafiya sai in ce maka kai wa hukumar kayan tarihi, shi ke nan. Amma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ma'aikata sun warwatsu, gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum kansa an wawashe shi. Don haka amsar ta danganta.

Idan abin yana binne, ba ya hanyar garma ko ta ruwa, bar shi. Ɗauki hoto, yi alamar da kai kaɗai ka gane, mayar da ƙasa. Tukunya a mazauninta tana faɗa wa masana shekarunta da abin da aka yi da ita, in ta bar wurin ta zama kasko kawai. Idan kuwa garma ta riga ta tono shi, ko kwari zai tafi da shi da damina, ɗauke shi a hankali, kada ka wanke, kada ka kankare, naɗe shi a tsumma, ka rubuta rana da wurin. Sannan ka sanar da mai unguwa a gaban shaidu, ko mai gadin kufai in akwai shi kusa. Shaidun nan kariyarka ne, domin mu Hausawa a ƙasar nan mun san yadda zargi ke saurin hawa kanmu. Kada ka ɗauko shi a mota ka bi shingayen bincike, ko da niyyarka mai kyau ce. Kada ka sa hoton a Facebook da sunan gonar. In ƙasusuwa ne, kabari ka tarar, rufe shi kamar yadda za ka so a rufe naka. Kwantar da hankalinka, tsintuwa ba laifi ba ce.

Wani ya ce zai saya da dala.

Kada ka sayar, kada kuma ka nuna masa gonar.

Musulmi zai iya ziyartar wurin gumaka?

Alƙur'ani ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba ƙarshen waɗanda suka gabata. Kallo da wa'aztuwa za ka yi. In zuciyarka ba ta natsu ba, tambayi malaminka.

Yanzu zan iya zuwa?

Bari hanya ta lafa tukuna. In ta lafa, zo da sanyin hunturu, da sassafe, da ruwan sha da takardunka, ka fara gaisawa da mai gadi kafin ka taka ko'ina.