Maganar tarar miliyan 10 da ake ta yawo da ita a WhatsApp

Tun satin da ya wuce ake ta turo wani saƙo a guruf ɗin unguwarmu nan Gombe, wai duk wanda ya ba da lambar wayar wani ba da izininsa ba zai biya naira miliyan 10, har gwaggona ta kira ni daga Pantami hankalinta a tashe don ta ba maƙwabciyarta lambar tela. Na ce Gwaggo ki kwantar da hankalinki, ba da ke ake ba.

Tushen maganar dokar kare bayanan mutane ce, Shugaba Tinubu ya sa mata hannu a watan Yunin 2023, ita ta kafa NDPC, wato hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasa. Ta hau kan ma'aikatun gwamnati, asibitoci, makarantu, bankuna da kamfanonin waya. Abin da ka yi na harkar gidanka ba ta shafe shi ba, muddin ba ka keta sirrin wani ba.

To ita miliyan 10 ɗin fa? Manyan masu riƙe da bayanan jama'a aka sa wa, kuma ma abin da doka ta ce shi ne miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da suka samu a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ƙanana kuma miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Wannan iyakar tarar ke nan, ba wai dole a ci mutum duka ba, kuma sai hukumar ta yi bincike tukuna. Babu ɗan sandan da zai tare ka a hanya ya ce kawo.

Wasu kuma na cewa ai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar zuwa ofis ya nemi fayil ɗinka. A'a, ita kanta ta ware bayanan sirrin mutum, sai dai in ka yarda ko maslahar jama'a ta rinjaya. A dokar kare bayanan kuwa, jami'an tsaro masu binciken laifi an yi musu sassauci, kuma gaskiya ƙofar nan ta yi min faɗi.

Abin da ya fi ci min rai ma ba a maganarsa. Kwanaki na sayi ƙosai aka ƙunso min a takarda, ina warwarewa sai ga fom na wani ofis, sunan wata baiwar Allah, lambar wayarta, NIN ɗinta, har ciwon da ke damunta, mai ya jiƙe rabin hotonta. Irin wannan ne dokar kare bayanan ta zo hanawa. In bayanai suka fita ta hanyar da za ta cutar da masu su, awa 72 aka ba ofis ya sanar da NDPC, matar kuma tana da haƙƙin kai ƙara hukumar ko ta nemi diyya a kotu. Sai dai in an ci ma'aikatar gwamnati tara da kuɗin jama'a za a biya, ni kam da so samu ne wanda ya kwashi fayil ɗin ya sayar wa mai ƙosai a fara cirewa daga albashinsa.