Alƙalin Wasa da Matsin Lambar Masu Horarwa: Tambayoyi da Amsoshi

Idan koci ya tayar da jijiyar wuya a kan wani hukunci, alƙali zai iya sauya shawara?

Zai iya, amma ba don ihun ba. A ƙwallon ƙafa, doka ta 5 cikin dokokin da hukumar IFAB ke tsarawa ta tanadi cewa hukuncin alƙali a kan abin da ya faru a fili shi ne na ƙarshe. Yana da damar gyarawa idan ya gane kuskurensa da kansa ko mataimakinsa ya ankarar da shi, sai dai a mafi yawan lokuta da zarar an ci gaba da wasa, bakin alƙalami ya bushe. Alƙalin da ya janye hukunci don koci ya daka masa tsawa ya koya wa ɓangarorin biyu cewa tsawa tana aiki, kuma daga nan har a tashi wasan ba zai ƙara samun sukuni ba.

To, yaya ƙwararren alƙali yake yi da kocin da ya fusata?

Yakan saurare shi na ɗan lokaci, ya faɗa masa abin da ya gani cikin kalmomi kaɗan da murya a kwance, sannan ya juya ya ci gaba da aikinsa. Akwai bambanci tsakanin kocin da ya ce hukuncin bai yi daidai ba da wanda ya zagi alƙalin ko ya ce an saye shi; na farkon ana iya jure masa, na biyun kuwa ya wuce gona da iri. Tun daga shekarar 2019 alƙali yana iya ɗaga wa koci katin gargaɗi ko jan kati kamar yadda yake yi wa ɗan wasa, kuma a gasar Turai ta 2024 da aka yi a Jamus an taƙaita neman bayani ga kyaftin kaɗai.

Tarkon da ya fi kowanne haɗari, a ganina, shi ne ramuwa. Alƙali yakan ji a ransa cewa ya zalunci wata ƙungiya, sai ya nemi biyanta da wani hukunci daga baya, alhali abin da ya yi shi ne ƙara kuskure na biyu a kan na farko, wannan karon da gangan.

Shin na'urori ba su kawo ƙarshen gardamar ba?

Sun rage wani sashe nata. Na'urar VAR mai taimaka wa alƙali ta hanyar sake duba bidiyo, wadda aka yi amfani da ita a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, an kafa ta ne don gyara kuskuren da ya fito fili a kan cin ƙwallo, fenareti, jan kati ko hukunta wanda ba shi ya yi laifi ba. A wasan kurket an fara gwada tsarin ƙalubalantar hukunci a 2008, a bezbol na Amurka kuma koci ya samu irin wannan dama a 2014. Bidiyo yana nuna ko ƙafa ta taɓa ƙafa, amma ko taɓawar ta kai laifi, wannan har yanzu mutum ne yake yankewa.

Idan daga baya alƙali ya tabbatar ya yi kuskure fa?

A watan Yunin 2010, alƙali Jim Joyce ya yanke hukuncin da ya hana Armando Galarraga, mai jefa ƙwallo na ƙungiyar Detroit Tigers, kammala wasan bezbol ba tare da ko abokin hamayya ɗaya ya tsallake masa ba, saura mutum ɗaya tak. Da Joyce ya kalli bidiyon, sai ya amsa kuskurensa a bainar jama'a, ya kuma nemi afuwar Galarraga. Ba a sauya sakamakon ba, amma washegari suka gaisa a fili, Joyce yana share hawaye, 'yan kallo da yawa suna tafa masa.