Masunta, ku daina zuba guba a tafki

Kowane rani, da zarar ruwa ya fara janyewa a fadamun Haɗeja da Nguru, sai mu riƙa iske tafkuna da kifi a kwance birjik a saman ruwa, ciki fari a sama, manya da ƙanana. An zuba Gamalin ko wani maganin ƙwari na gona cikin dare, an kwashe tarwaɗa da ƙarfasa masu girma an kai kasuwa, sauran kuwa an bar su suna ruɓewa a gaɓa.

'Yan'uwa, na san halin da ake ciki. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun nan ta ragu, ga kuma ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa har kwalekwale ba ya iya ratsa wasu wurare. To, tafkin da ke fama da wannan duka shi ne kuma za ku ƙara wa guba? Wannan ɗabi'a ba ta da uzuri ko kaɗan. Gubar ba ta zaɓe: tana kashe 'ya'yan kifi da ƙwai da kwaɗi da ƙananan halittun da kifi ke ci, kuma idan kifin da ke cinye tsutsar sauro ya ƙare, sauron ne zai gaje ruwan. Tafkin da aka yi wa haka shekara biyu ko uku a jere, ko an jefa ragar birgi sai ta fito wayam. Ruwan nan dai shi shanun makiyaya ke sha, a cikinsa yaranku ke wanka, kifin kuma cikin tukunyar wani bawan Allah zai ƙare, wanda bai san yadda aka kama shi ba. Dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta wannan aiki, amma har yau sai mun yi ta magana?

Don Allah ku koma ga ƙugiya da tarkon gura da raga mai manyan idanu, ku mayar da ƙananan kifi ruwa, kada ku wanke famfon feshi a tafki. Duk wanda ya ga mataccen kifi da yawa, ya hana dabbobi sha, ya sanar da Sarkin Ruwa da mai unguwa nan take.